Tambayi Likita: Allurar Korona da Masu Ciwon Daskarewar Jini

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan watan, dukansu a kan jini da allurar korona. Ta farko ta fi tsawo, kuma a kanta na fi daɗewa, domin da wuya mako ya wuce ba a yi mini irin tambayarta a ɗakin duba marasa lafiya ba. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki? Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a nan Jos, shekaruna 39, 'ya'yana biyar. A ƙarshen 2021, da aka ce sai ma'aikaci ya nuna katin allura ko takardar gwaji kafin ya shiga ofis, na je aka yi mini ta AstraZeneca, na koma aka yi mini ta biyu a farkon 2022. Ban ji komai ba sai zazzaɓin kwana ɗaya. A 2023 aka yi mini aiki aka ciro autana. Ina cikin jego ƙafata ta hagu ta kumbura, aka yi hoto aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Na sha magani wata uku aka sallame ni. A 2024 na bi motar dare zuwa Legas bikin ƙanwata, kwana uku da dawowa numfashina ya sarƙe, aka ce gudan jini ne ya tafi huhu. Tun daga nan nake shan wafarin, ƙwayar tsinka jini. Yanzu yayar mijina ta turo mini saƙon murya a WhatsApp, wai kamfanin da bakinsa ya amsa a kotu cewa allurarsu tana daskarar da jini. Ta ce ita ta jawo mini, in bar ƙwayar asibiti in sha wani haɗi da zai wanke allurar daga jikina. Ga shi muna shirin umara, mai shirya mana tafiyar ya ce mai yiwuwa a nemi allurai. Maigida ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Don Allah Likita, allurar ce ta jawo mini? Kuma in aka ce in sake yi, in yi?
Maman yara, Anguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ki daina wafarin. Jini ya daskare miki sau biyu, na biyun har huhu. Bayan kiyayewar Allah, wannan 'yar ƙwayar da kike haɗiya da yamma ita ke tsaye tsakaninki da na uku. Haɗin nan kuwa babu abin da zai wanke, don allurar 2022 ba ta zaune a jikinki. Abin da ke cikinta ya daɗe da narkewa, darasin da garkuwar jikinki ta koya ne kawai ya rage. Abin da haɗin zai iya yi shi ne ya rikita aikin wafarin, ko ya tsinka jinin fiye da kima ki kama zubar jini, ko ya kashe ƙarfin maganin kina zaton kina da kariya.

Yayar mijinki ba ƙarya ta ƙirƙira ba, rabin labari aka ba ta. Ga cikonsa.

Ranar 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja da allurar AstraZeneca kusan miliyan huɗu, a ƙarƙashin COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe allurar korona. Ranar 5 ga wata aka fara yi a Asibitin Ƙasa, washegari Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo suka miƙa damtse a gaban kyamara. Ba a cika mako biyu da saukar jirgin ba sai ga labari daga Turai: Denmak da Norwe sun dakatar da allurar, Jamus da Faransa da Italiya sun bi bayansu, saboda wasu mutane ƙalilan, da yawansu mata masu ƙuruciya, sun zo asibiti da gudan jini a wuraren da ba a saba gani ba. Ni ma ita aka yi mini a wannan watan. Ba ma wannan ya fi damuna ba. Ni ce na bi ma'aikatan jinyar sashenmu ɗaya bayan ɗaya ina lallashinsu su yi, har wata mai shayarwa ta ce mini, “Don ke kawai zan yi, Anti.” Na yi kwanaki ina kwana da waya a kusa da kaina, duk wanda ya ce kansa na ciwo sai gabana ya faɗi. Saboda haka tsoronki ba baƙo ba ne a wurina. Kuma mu da muka san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar, ba mu da bakin yi wa mutanenmu tsawa don sun yi tambaya.

Cikin 'yan makonni likitocin jini suka gano bakin zaren. Farfesa Andreas Greinacher na Greifswald a Jamus, da wasu a Oslo da Landan, suka nuna cewa wannan wani ciwo ne mai zaman kansa, wanda yanzu ake kira VITT. Ranar 7 ga Afrilu 2021 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a rubuta shi cikin illolin allurar da ba kasafai ake gani ba. Ingila ta ce a ba 'yan ƙasa da shekara 30 wata allurar, a watan Mayu ta ɗaga zuwa 40. Amurka ma ta dakatar da ta Johnson & Johnson na kwana goma a watan Afrilun, bayan an ga mutum 6 cikin kusan miliyan bakwai da aka yi wa. Kin ga ke nan abin da aka ce kamfani ya amsa a wata takardar kotu a Landan a 2024 yana rubuce a takardar allurar tun shekara uku kafin nan.

Yanzu ki saurare ni da kyau a nan, don a nan amsarki take. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da muke kira daskarewar jini da baki ɗaya, a asibiti cututtuka ne daban-daban.

Ki ɗauki lambu irin na masu noman rani a bakin rafi. Ruwa na bin kwari-kwari zuwa kowane fangali. In ruwan ya rage gudu, ko ya zo da laka mai yawa, ko bakin kwarin ya zube, sai taɓo ya taru ya toshe hanya. Irin naki ke nan. Abu uku ke kawo shi: jini ya kwanta bai gudu, ko ya ƙara saurin kamawa, ko bangon jijiya ya ji rauni. Mai ciki jininta yana ƙara saurin kamawa, wannan tanadi ne na Ubangiji don kada ta zubar da jini ya ƙare a wurin haihuwa, kuma yanayin ba ya sakinta sai wajen mako shida bayan ta sauka, wato kwanakin nan arba'in da muke zaman jego. Aka ƙara miki da tiyata. Aka ƙara da kwanciya, don na san yadda ake yi wa wadda aka yi wa aiki, kowa na cewa kada ki motsa. Duka ukun sun haɗu a kanki. Har ƙafar da kika ambata shaida ce: gudan jinin masu ciki da masu jego ya fi kama ta hagu, saboda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga wannan ƙafar tana bi ta ƙarƙashin wata, mahaifa kuma ta ƙara danne ta. Mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace dubu masu ciki na gamuwa da wannan, tun kafin a san wani abu wai shi korona. Na biyun kuma kin faɗi dalilinsa da bakinki: dare guda cur a kujerar mota, ƙafa a lanƙwashe, kuma na tabbata kin rage shan ruwa don gudun neman banɗaki a hanya. Jijiyar da ta taɓa toshewa ta fi saurin sake toshewa.

Na allura kuwa, wato VITT, ba taɓo ne ya taru ba. Masu aikin lambun ne aka yi wa kiran ƙarya, suka tashi gaba ɗaya suka bi kwari suna toshewa inda babu ɓaraka. A cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi da muke kira filatilet, aikinsu toshe rauni. A jikin wasu mutane ƙalilan, bayan allurar AstraZeneca ko ta Johnson & Johnson, garkuwar jiki takan ƙera sojoji a kan wani sinadari na waɗannan ƙwayoyin mai suna PF4. Sojojin su zuga ƙwayoyin su dunƙule, sau da yawa a jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa ko daga hanji da hanta. Ƙwayoyin su ƙare a wurin dunƙulewar, sai mutum ya zama ga toshewa ga zubar jini a lokaci guda. Mugun ciwo ne, ba zan rage masa nauyi ba: a cikin waɗanda aka fara gani a Ingila, wajen ɗaya cikin biyar bai tashi ba. Amma a lissafin likitocin can, yana samun kamar mutum 1 cikin 50,000 a 'yan ƙasa da shekara 50, da 1 cikin 100,000 a waɗanda suka haura. Kuma yana da lokacinsa. Yakan bayyana daga wajen kwana 5 zuwa 30 bayan allura, da wuya ya kai mako shida, kuma kusan duka bayan ta farko ne. Ke kin shekara da wani abu kafin ƙafarki ta kumbura, a tsakani har kin ɗauki ciki kin haihu. Ki kwantar da hankalinki, ki daina tuhumar kanki kan layin da kika bi a 2021. Allurar ba ita ta jawo miki ba.

Abin da aka bincika aka gani kuma, wanda ya taɓa samun irin naki, ko mai gadonsa a dangi, bai fi kowa haɗarin kamuwa da irin na allura ba, domin hanyarsu ba ɗaya ba ce. Waɗanda aka ce su guji waɗancan allurai biyu su ne wanda ya samu VITT a allurar farko, da wanda allurar tsinka jini ta hefarin ta taɓa karya masa filatilet tare da toshewa, don shi ma a kan PF4 ɗin sojojinsa suke. A Ingila an ƙara da yin taka-tsantsan ga wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da mai wani ciwon garkuwar jiki da muke kira APS. Na kawo wannan na ƙarshen ne saboda ke. Mace 'yar ƙasa da arba'in da jini ya daskare mata sau biyu, ya kamata a tambaye ta ko tana yawan ɓari, ko ta taɓa haihuwar ɗa ba rai, a kuma duba ko tana buƙatar gwajinsa. Ki tayar da maganar da likitanki a zuwanki na gaba. Akwai kuma abin da ba ki faɗa mini ba: bayan autanki, kin sha ƙwayar tazarar haihuwa? Irin wadda ake sha kullum mai sinadari biyu tana ƙara daskarewar jini, kuma mata da yawa a kemis suke saya ba wanda ya tambaye su tarihin ƙafarsu. In kina sha ki tsaya, ki je a duba miki robar mahaifa ko ashanar hannu. In kuma kika ga wata ya wuce miki, ki zo asibiti a makon, don wafarin na illa ga ɗan tayi, allurar tsinka jini ta Clexane ake komawa.

Saura ɗaya gefen sikelin, wanda saƙon murya ba ya kawowa. Ita kanta korona tana daskarar da jini, kuma ta fi allurar nesa ba kusa ba. Tana kumbura bangon jijiya, ta tayar da garkuwar jiki, ta kwantar da mutum kwanaki a gado da zazzaɓi da ƙishirwa. Shi ya sa duk wanda ta kwantar a asibiti muke yi masa allurar tsinka jini in babu abin da ya hana. A 2020, kafin a samu wata allura, na yi jinyar wani bawan Allah ɗan kasuwa, shekarunsa hamsin da 'yan kai. Ya fara samun sauƙi, mun rage masa iskar numfashi, har ya ce a gaya wa iyalinsa su kawo masa gwate. Da asuba ya sauko zai yi alwala, ya yanke jiki ya faɗi a bakin gado. Duk alamu sun nuna gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Har yau in na wuce layinsu a Terminus sai na tuna shi. Wani babban bincike na jami'ar Oxford a 2021, da ya bi bayanan mutane miliyoyi a Ingila, ya tabbatar da abin da muka gani da idonmu: toshewar jijiya bayan kamuwa da cutar ta fi wadda ke biyo bayan allura yawa ƙwarai. Maigida ya ce gara ƙin tashi. Ki gaya masa cikin ladabi cewa zaman ma yana da nasa haɗarin, musamman ga mai huhun da ya taɓa ɗaukar gudan jini.

To ki sake yi? Yau lissafin ya sauya daga na 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, yawancinmu mun samu garkuwa ta allura ko ta kamuwa, kuma hukumar ta karkata ƙarin allura ga tsofaffi, masu ciwon suga da zuciya da ƙoda, masu raunin garkuwa, masu ciki da ma'aikatan lafiya. AstraZeneca ta janye allurarta daga kasuwa a Mayun 2024, izinin ta Johnson & Johnson a Amurka ya ƙare tun 2023. Na Pfizer da Moderna wata fasaha ce daban, ba a alaƙanta su da VITT ba. Su tasu illar da aka sani ita ce kumburin tsokar zuciya, ba kasafai ba, ya fi samun samari, kuma yawanci yakan lafa. Da ke ƙanwata ce ciki ɗaya, kina zaune a gida lafiya, ba zan tashe ki da gaggawa neman ta uku ba. Amma za ki shiga cunkoson Harami, kafaɗa da kafaɗa da mutanen duniya, kowa da tarinsa. Don haka in an samu ta Pfizer ko Moderna, shawarata ki yi, aƙalla mako biyu kafin tashi. Ki tambayi sunan allurar kafin ki naɗe hannun riga, ki ga an rubuta shi a katinki. Sharuɗɗan Saudiyya kan sauya daga shekara zuwa shekara, ki nemi na bana a rubuce daga hukumar alhazai, kada ki tsaya a kan “mai yiwuwa”.

Kowace allura za a yi miki a damtse, ta korona ce ko ta sanƙarau, hanya ɗaya ce. Ki yi gwajin INR, wanda ke auna yadda wafarin ya tsinka jininki, a 'yan kwanakin da ke gabanta. In yana tsakanin 2 da 3, inda aka fi ajiye masu irin ciwonki, babu matsala. In ya haura, a daidaita shi tukuna. Ki sha wafarinki ranar kamar kullum. Ki gaya wa mai allurar kina shan maganin tsinka jini, ta ɗauki siririyar allura, ke kuma ki danne wurin da auduga sosai na minti biyu zuwa biyar, banda murzawa. Ɗan tabon jini a ƙarƙashin fata ba komai ba ne. In zazzaɓi ya zo, farasitamol. Ki nisanci ibufurofen da dikulofenak da Alabukun, shi na ƙarshen asfirin ne a ciki.

Gaskiya ma tafiyar ta fi allurar damuna. Jirgin Jidda ya haura awa huɗu, ga zaman jira kafinsa da bayansa, ga zafin da jikin 'yar Jos bai saba da shi ba. Ki nemi kujerar bakin hanya ki riƙa tashi kina takawa, in kina zaune ki riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ki sa safar matsi, ki sha ruwa ko ba ki ji ƙishi ba. Maganinki a jakar hannu, da rarar kwanaki. Abinci ma zai sauya miki. A gida kina cin zogale da alayyafo da kabejin Farin Gada, ganye kuma yana rage ƙarfin wafarin, a kan wannan cin aka auna miki adadin da kike sha. In kika yi mako biyu a kan shinkafa da kaza babu ganye, jinin zai iya tsinkewa fiye da yadda ake so. Haka in gudawa ta kama ki wata a ɗaki ta miƙo miki Flagyl ko Septrin, kada ki karɓa sai likita ya san kina kan wafarin. Ki sake gwajin INR a makon da kika dawo. Allah ya karɓi ibada, ki sa mu a addu'a.

TAMBAYA: Likita, ɗana shekarunsa 17. Tun ranar da wanzami ya yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa har kwana uku, sai da aka ƙara masa jini. Daga baya aka ce yana da ciwon rashin tsayawar jini, aka gargaɗe mu kada a yi masa allura a tsoka. Ana cewa allurar korona tana daskarar da jini. Shi da nasa ba ya daskarewa, za ta taimake shi ne ko za ta cutar da shi?
Wani uba, Bukuru.

AMSA: Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da haƙurin da kuke yi. Allurar ba za ta gyara masa jini ba, kada wani ya sa maka wannan ran. Ciwon nasa, wanda muke kira hemofiliya, rashin ɗaya ne daga cikin sinadaran da ke tsayar da jini, na takwas ko na tara, kuma ba abin da ke maye gurbinsa sai shi. Ba za ta kuma taɓa ciwon nasa ba. Abin lura a wurinsa shi ne tsinin allurar, don jini na iya taruwa a cikin tsoka hannu ya kumbura. Gargaɗin da aka yi muku daidai ne, amma yana da mafita. In ciwon nasa mai tsanani ne, a yi masa allurar a ranar da aka ba shi sinadarin nasa, bayan an ba shi, da allura mafi siranta, a danne wurin minti goma, a ɗora ƙanƙara a naɗe da ƙyalle. Ku sa ido kwana biyu. In damtsen na ƙara girma, ko yatsunsa sun fara mutuwa, ku tafi asibiti a daren. A asibitin da ake duba shi za a tsara wannan, ba a rumfar allurar kasuwa ba.

Ko dole ne ya yi? Saurayi ɗan 17 da ba shi da wani ciwon, hemofiliya ita kaɗai ba ta sa korona ta fi yi masa tsanani. Wahalar tana zuwa ne in ta kwantar da shi, don maganin tsinka jinin da muke ba kowa sai an yi dogon lissafi kafin a ba shi. Babu gaggawa, ku yanke shawara tare da likitansa. Wani abu kuma da ba ka tambaya ba: ta wajen uwa ake gadon wannan ciwo, kuma kowace 'yar'uwarsa mace tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba. Duk wadda ta haifi namiji a cikinsu, a gwada jaririn kafin wanzami ya taɓa shi, ko kaciya ko cire beli.

TAMBAYA: Anti Likita, ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, shekaruna 22, ina da sikila. Ban taɓa yin allurar korona ba, Mama ta hana, ta ce jinina dama mai toshewa ne. Yanzu zan fara zuwa asibiti koyon aiki. Me kike gani?
Ɗalibarki, Rikkos.

AMSA: 'Yata, Mama ta faɗi gaskiya a kan jinin, masu sikila sun fi sauran mutane samun gudan jini a ƙafa da huhu, ban da toshewar da ke kawo ciwon ƙashi. Sai dai wannan dalilin ne ya sa nake ganin ki yi. Abin da muka fi tsoro ga mai sikila shi ne ciwon ya hau ƙirji, kuma cututtukan numfashi irin korona da mura mai zafi suna cikin manyan masu tayar da shi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, wajen jarirai 150,000 a shekara, kuma likitocin jini sun sa ku cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa. Ga shi za ki shiga ɗakunan da masu tari suke kwance. Ki nemi ta Pfizer ko Moderna. Ki zaɓi makon da jikinki ke lafiya, ba kina fitowa daga ciwo ba, ba kuma ana gobe jarrabawa ba. Ki sha ruwa sosai kwana biyu kafin da bayan, ki rufe jiki, kin san sanyin garin nan da ƙashinku ba sa shiri. In zazzaɓi ya kai 38 kada ki ce ai allura ce ki kwanta. Ki je a duba ki, a yi gwajin maleriya. Ki tambayi likitanki ko an taɓa yi miki rigakafin ciwon huhu na nimoniya da na ciwon hanta, su ma kina buƙatarsu kafin ki fara taɓa marasa lafiya. Ki kai wa Mama wannan shafin ku karanta tare, in ta yarda ta rako ki ranar.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu shekarunsa 72, yana da suga da hawan jini, ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa shekara uku da suka wuce. Yana shan Vasoprin kullum. Bai taɓa yin allurar ba. A kai shi? Kuma a tsayar da maganin ranar?
Babban ɗansa, Gangare.

AMSA: Malam, a gaida Baba. Cikin duk waɗanda suka rubuto a wannan watan, shi ne wanda allurar za ta fi yi wa amfani. Shekaru, suga, hawan jini da tsohuwar shanyewar jiki, kowanne na ƙara wa korona nauyi, ita kuma tana iya tayar da wata shanyewar. Shanyewar da ya yi ba ta hana shi allura. Kada a tsayar da Vasoprin, wato asfirin ɗin da yake sha, ko na kwana ɗaya, a dai danne wurin minti biyu. Kai kuma da sauran 'yan gida masu lafiya, kada wanda ya sha asfirin wai don kariya kafin allura, ba ya hana komai sai dai ya ƙwaƙule ciki. Ku fara tambaya a asibitin da yake karɓar maganin suga, su za su nuna muku inda ake yi. A yi masa a hannun da ke da lafiya, don ya iya jin in wurin ya kumbura, a auna sugansa safe da yamma na kwana biyu, wani kuma ya kwana a ɗakinsa daren farko saboda fita banɗaki.